Masu koyon jita a intanet suna barin kunne a baya

Wanda ya sayi jita a yau ba zai ce ya rasa malami ba. Shafin JustinGuitar na Justin Sandercoe ya jera darussa kyauta tun daga yadda ake ɗaure tsirkiya shida a kan sautukan E, A, D, G, B, E, shafin musictheory.net yana bayanin ƙa'idojin kiɗa tare da atisayen gwada kunne, sannan Ultimate Guitar cike yake da rubutun tab, wato lambobi a kan layuka shida masu nuna inda za a danna yatsa. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, domin ni ma da su na fara.

Damuwata ita ce yadda muke amfani da su. Matashi zai ƙone data wajen sauke bidiyo talatin daga malamai goma, ya taɓa wannan yau, gobe ya koma wancan, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Mafi muni shi ne dogaro da tab. Tab yana gaya wa yatsa inda zai sauka, amma yawancinsa ba ya nuna tsawon da sauti zai ɗauka, balle dalilin da ya sa wannan sautin ya dace da na gabansa. Shi ya sa za ka ga mutum ya haddace kiɗan wani tsaf, amma da zarar mai ganga ya sauya bugu, ko aka ce ya ƙirƙiro nasa nan take, sai hannunsa ya tsaya cak. Na shafe watanni a wannan hali, ina zaton na iya.

Ƙa'idar da mai son ƙirƙirar kiɗa nan take yake buƙata a farko ba ta da yawa. Tsarin Turawa yana da sautuka 12, kuma daga cikinsu ake zaɓar biyar, misali A, C, D, E, G, a sami tsani, wato jerin sautuka daga ƙasa zuwa sama, wanda kiɗan bulus (blues) na Amurka ya fi jingina a kansa. Kunnenmu ya riga ya saba da tsani mai sautuka biyar, domin shi ake ji a jitar marigayi Ali Farka Touré na Mali da ta Buzayen Agadez irin su Bombino. Mdou Moctar na Nijar kuwa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma da saurare ya koya, babu tab, babu littafi.

A ganina ya fi amfani mutum ya riƙe darasi guda mai tsari har ya kai ƙarshensa, ya kuma ware minti 15 kullum ya rufe shafin tab. A wannan lokacin sai ya zaɓi ɗan gajeren yanki na kiɗan da yake so a YouTube, ya rage saurinsa zuwa rabi ta maɓallin da ke cikin saitin bidiyon, ya rera shi da baki, sannan ya laluba shi a kan tsirkiya har ya same shi. Bayan haka ya kunna kiɗan rakiya, wato kiɗan da aka ɗauka domin mai koyo ya ɗora nasa a kai, wanda ake samu birjik a can, ya yi ta amsa masa da sautukan nan biyar, yana barin sarari tsakanin jimla da jimla kamar yadda mawaƙi yake jiran 'yan amshi. Makon farko abin ba zai yi daɗin ji ba, kuma maƙwabta za su faɗa masa haka.