Waya ba ta lalata tsarin takardar Word

Mutane da yawa, idan suka buɗe takardar Word a wayar hannu suka ga layuka sun kakkarye, lambobin shafi sun ɓace, sai su ɗauka wayar ce ta lalata musu aiki. A mafi yawan lokuta takardar tana nan yadda aka bar ta, yadda ake nuna ta ne kawai ya canza.

Faɗin takardar A4 santimita 21 ne, allon waya kuwa faɗinsa kusan sulusin haka ne, shi ya sa manhajoji irin su Microsoft Word da Google Docs suke sake jera rubutun ya dace da allo, domin a karanta ba tare da ana ja hagu da dama ba. Wanda ya koma yanayin da ke nuna shafi kamar yadda za a buga shi zai tarar da gefuna da lambobin shafi suna nan daram.

Inda ake samun canji na gaske shi ne salon haruffa. Idan an rubuta takardar da salon da manhajar wayar ba ta da shi, sai ta sa wani mai kama da shi, kuma da yake faɗin haruffan ba ɗaya ba ne, sakin layi na iya zamewa zuwa shafi na gaba. Saboda haka, takardar da aka gama gyarawa gara a mayar da ita PDF, wato nau'in fayil da ke riƙe tsarin takarda yadda yake a kowace na'ura, a duba ta shafi-shafi kafin a tura.