Tsohuwar Fijo 504: wa ke da ta cewa, mai mota ko 'yan kallo?

Idan kana so ka ga yadda mutanenmu ke son yi wa dukiyar wani hisabi, sayi tsohuwar Fijo 504 ka ce za ka tashe ta. Tun ba ta bar gareji ba masu shawara za su yi maka caa. Na farko su ne masu cewa me za ka yi da wannan akwalar, kuɗin da kake zubawa ai da ka ƙara kaɗan ka sayi Corolla ka huta. Waɗannan ba su cika damuna ba, don ba su san daɗin abin ba, kuma ba laifinsu ba ne. Waɗanda nake son mu yi magana a kansu su ne masu son tsofaffin motocin da gaske, waɗanda da zarar sun ga ka sauya mata launi, ko ka sa mata esi, ko ka cire kafireta, sai su kama kai su ce ka kashe mota, ka ɓata tarihi.

Ni ra'ayina a fili yake. Mutumin da ya ceto mota daga hannun 'yan gwangwan, ya kashe kuɗinsa da lokacinsa har ta koma kan titi, shi ke da ikon cewa ga yadda za ta kasance. Akwai iyaka, zan zo kanta, amma ba inda masu surutu ke shata ta ba.

Mu fara da maganar da suke yi cewa a bar mota "yadda kamfani ya yi ta". Wane kamfanin, kuma a wace shekara? An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Tun a can ba iri ɗaya ba ce: akwai mai injin lita 1.8, daga baya mai lita 2, akwai mai dizal, akwai mai kafireta da mai injekta, akwai wadda giyarta ke jikin sitiyari da wadda take ƙasa. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, amma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. A Ajantina sun yi ta har 1999, suka sake mata fuska da baya, wanda ya saba da tamu sai ya duba sau biyu kafin ya gane ta. Wani kamfanin Faransa mai suna Dangel ya riƙa ɗaukar wagon da a-kori-kura yana ɗaga su sama yana mai da su masu ja da ƙafa huɗu. Wadda direban tsere Ove Andersson ya ci tseren Safari da ita a Kenya a 1975 ma ba haka ta fito daga shagon dillali ba, sai da aka ƙarfafa ta. To wacce daga ciki ce ta asalin da ake so kowa ya koma wa?

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya game da waɗanda suka rage a hannunmu. Motar da ta yi shekara talatin ko arba'in tana zirga-zirga tsakanin Kano da Jos, ko Maraɗi da Damagaram, ko wadda Turawa suka tuƙo ta Tamanrasset da Arlit suka sayar a Agadez, nawa ne daga jikinta ya rage na ranar da aka haɗa ta? An sauke injin an yi masa ringi ba sau ɗaya ba. Lagireton na wata motar ce. Wayoyin sun sha hannun masu riwaya har babu wanda ya san wace waya ce ke zuwa ina. Kushin an ɗinka shi a bakin kasuwa. Abin da ya raya 504 a ƙasar nan shi ne dabarar makanikai a Fanteka da Ƙofar Ruwa, masu ɗauko na 505 su daidaita shi a 504, masu kai ƙarfe wurin mai tuni a sassaƙo abin da babu a kasuwa. Da an bi ƙa'idar kar a taɓa komai, da tuni babu ko ɗaya da ke motsi. Gyare-gyaren nan su ne tarihin motar a wurinmu. Saurayin da ya zo yau ya sa mata injin zamani bai karya wata al'ada ba, layin da ya tarar ya bi.

Kuma mu ba baƙin ado ba ne a kan abin hawa. Dubi gingimari masu bodin katako, da zanen zaki da dawisu da karin magana a gaba da baya. Dubi yadda masu adaidaita sahu ke ƙawata nasu. Ban taɓa jin an tare direban babbar mota an ce masa kamfanin Marsandi bai yi ta da zanen zaki ba. Sai a ƙaramar mota ne muka aro tsattsauran ra'ayin da ko masu shi ba su gama daidaitawa a kansa ba.

Don a ƙasashen Turawa ma rigimar ba ta mutu ba. Akwai ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta kai shekara 30 a matsayin ta tarihi, in an adana ta yadda take. A 2019 ta fito ta ce wadda aka cire wa inji aka mai da ta mai lantarki ta fita daga wannan sahun. Amma shekara guda kafin nan, a bikin Yarima Harry na Ingila a Mayun 2018, tsohuwar Jaguar E-type da aka mai da mai lantarki ango ya tuƙa amarya a ciki, kuma kamfanin Jaguar da kansa ya yi aikin. A Kalifoniya akwai kamfanin Singer, wanda tun 2009 yake karɓar tsofaffin Porsche 911 ya warware su gaba ɗaya ya sake gina su yadda mai motar yake so, kuma masu kuɗi layi suke bi. A ɗaya ɓangaren, a gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka ta 2024, Bugatti ƙirar 1934 da aka bari da tsufanta da ƙujewar fentinta ce ta zo ta ɗaya, karo na farko da irin wannan ta yi nasara a kan waɗanda aka goge suna walƙiya. Ka ga ke nan ko a wurin masu abin, kowane ɓangare na da mutanensa da kasuwarsa.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na 'yan asalin Meziko mazauna Los Angeles. Tun bayan yaƙin duniya na biyu suke sauke tsofaffin Chevrolet ƙasa har kamar za su shafi kwalta, su yi musu fenti mai ɗaukar ido, su riƙa tafiya a hankali a unguwa. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi doka ta hana sauke mota ƙasa haka. Sai suka koma suka samo famfunan haidurolik na tsofaffin jiragen sama suka sa, in sun hango ɗan sanda su ɗaga motar, in ya wuce su sauke. An yi shekaru ana kallonsu a matsayin 'yan iska masu lalata motoci. A 2023 gwamnan jihar ya sa hannu aka soke hanin, kuma yau irin motocin nan har gidajen tarihi ake kai su. A Kuba kuwa, inda takunkumin Amurka ya yanke musu kayan gyara tun farkon shekarun 1960, Chevrolet da Ford na shekarun 1950 da masu yawon buɗe ido ke rububin ɗaukar hoto da su, da yawansu in ka buɗe bonet injin dizal na wata motar daban za ka gani. Abin da ya hana su mutuwa ke nan.

Yanzu ga inda na yarda da masu cewa kar a taɓa. Akwai motar da ta wuce zama dukiyar mutum ɗaya. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Wanda ya ce zai toshe ramukan ya sake mata fenti ya yi ta'asa, ko da shi ya saye ta da kuɗinsa. Haka motar da wani sarki ya hau, ko wadda aka ƙera 'yan kaɗan irinta, kamar 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama da kamfanin Pininfarina ya haɗa a Italiya. Har ma salun ta talakawa, in aka yi dace da wadda wani dattijo ya ajiye a rumfa tun zamanin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, da fentinta da kushinta da littafinta, zan roƙi mai ita ya bar ta haka. In ado yake so, ya sayar wa mai son adanawa, ya nemi wadda ta riga ta jigata ya yi yadda ya ga dama da ita. Roƙo na ce, ba umarni ba. Amma sauran fa? Miliyoyi aka ƙera. Wadda ke kwance a bayan gida tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya, ba gidan tarihi ke jiran ta ba, mai sikeli ne zai auna ta kilo-kilo.

Abin da ke ba ni haushi da masu kukan an ɓata tarihi shi ne ba a ganinsu lokacin da ake yanka motocin nan da wuta ana lodawa a tirela. Ba sa nan ranar da kake yawo rumfa-rumfa neman fitilar gaba ta asali. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, wanda ke hawa mota mai tsohuwar kafireta kullum shi ya san abin da yake ji a aljihunsa. In ya mai da ita mai injekta, ko ya sa mata tukunyar gas, ko ya ƙara mata giya ta biyar don injin ya daina kuka a babban titi, wa zai ce masa don me? Wanda ya taɓa zama a cunkoson Kano a watan Afrilu cikin motar da babu esi ba zai yi wa wani wa'azi a kan sanya esi ba.

Wannan ba ya nufin duk abin da aka yi yana yi mini kyau. Wallahi akwai wanda in na gani sai na kau da kai: manyan rim masu ƙyalli da siririyar taya a ƙarƙashin 504, alhali daɗin motar gaba ɗaya yana cikin laushinta, yadda take haɗiye rami ba ka ji ba. Ka sauke ta ƙasa ka sa mata taya kamar faifai, ka raba ta da abin da ya sa Afirka ta so ta. Amma wannan ɗanɗanona ne. Zan iya faɗa wa abokina in ya tambaye ni, ba zan bi shi shafinsa ina zaginsa ba.

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ana kawo maganar don a ce kowa ya yi abin da yake so, amma mai akuyar ma yana da haƙƙi, kuma a nan ne jama'a ke da bakin magana. In ka ɗora injin da ya ninka na asali ƙarfi, ka bar birkin da aka yi wa tsohon injin, ba kanka kaɗai ka sa a haɗari ba. Ƙafar 504 tana da nata awon, rami huɗu masu tazarar da ba ta dace da yawancin rim na zamani ba, sai ka ga an kai wa mai walda ya huda ko ya yi ƙari da ka. Ranar da taya ta fita a guje, ba mai motar kaɗai za ta samu ba. Tukunyar gas da aka ɗaura ba a wurin ƙwararru ba, ko aka yi da tukunyar girki, bam ce kake yawo da ita cikin mutane. Fararen fitilun nan masu kashe ido da ake liƙawa ba saiti, duk mai tuƙin dare ya san azabarsu. Salansar da aka fasa don ta yi ƙara cikin unguwa da tsakar dare, ga marasa lafiya ga jarirai, wannan rashin tarbiyya ne kawai. Masu wasan mota a wurin biki kuwa ban ma sa su cikin masu son mota ba.

Sai gaskiya wajen ciniki. Ka sauya inji ko launi, je ka gyara takardunka su dace da motar, kar ka bar wa wanda zai saya rigima da jami'an hanya. In ka tashi sayarwa kuma ka faɗi abin da ka yi mata dalla-dalla, kar ka ce wa mutum "ba a taɓa ta ba" alhali rabin ƙasanta faci ne da aka lulluɓe da fenti. Ka kuma sani tun farko cewa kuɗin da ka zuba a ado ba lallai su dawo ba, don launin da ya burge ka ba dole ya burge mai saye ba.

Shawara ɗaya nake ba duk wanda zai fara irin wannan aikin: abin da ka cire kar ka zubar, kar kuma ka bar shi a gareji yaran makanike su sayar. Kafireta, sitiyari, rim da murfinsu, rediyo, tambarin zakin da ke gaba, har tsohon injin in kana da wurin ajiya, ka zuba masa baƙin mai ka rufe shi. Inda za a iya ɗaurewa da noti kar a yanka, inda za a iya bin tsohon rami kar a huda sabo. Ka ɗauki hoton komai kafin a kwance. Masu neman kayan 504 na asali suna nan, kayan kuma kullum raguwa suke yi, ko kai ba ka mayar ba wani zai saya ya tada tasa.