Huji shida da huji shida ba shi ke nufin rim ɗin naka ba ne

Wata biyu na yi ina fama da rawar sitiyari a a-kori-kurata, kuma ni na jawo wa kaina. Shi ya sa duk lokacin da na ji wani yana gaya wa mai sayen rim cewa "ai shida ne da shida, zai hau", sai raina ya ɓaci. Sau da yawa zai hau ɗin, ba a musu. Amma hawa daban, zama daban.

Motata Ford Ranger ce. Na ga wasu rim na alminiyam, baƙaƙe wuluk, suka shiga raina. Mai kayan ya ƙirga min huji, ya ce: "Maigida, duba da kanka, shida ne, irin na Hilux ne, su da Ranger duk ɗaya." Aka ɗaura, aka yi balansin, na kama hanya ina jin kaina. A cikin gari lafiya lau. Ina hawa babban titi, da allura ta kai 90 zuwa 100 sai sitiyari ya fara kakkarwa a hannuna, madubin ciki ya dinga ɓari har ba na iya tantance motar da ke bayana. Na koma aka sake balansin. Na sake komawa. A karo na uku har aka fara zargin tayoyin, alhali sababbi ne fil.

Wani dattijon bakanike ne ya raba gardamar. Bai kalli injin balansin ba ma. Ya ɗaga motar a jak, ya kwance noti shidan, ya bar rim ɗin rataye, sannan ya ce in sunkuyo. Sai ya zura ɗan yatsansa tsakanin bakin hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, da ramin tsakiyar rim ɗin, yana lilo da shi. "Alhaji, ka ga wannan filin? Nan ciwonka yake." Na ce: "Baba, ai notin ne ke riƙe taya." Ya yi dariya ya ce riƙewa daban, saitawa daban.

Ga abin da na fahimta daga ranar. A gaban hob akwai wani ɗan baki da ya fito waje, zagayayye. Shi ne ramin tsakiyar rim yake hawa kansa, ya sa taya ta tsaya a tsakiya cif kafin a ɗaure noti. Kamfanin da ya ƙera motar yana yanka ramin rim ɗinsa daidai da wannan bakin, har sai ka ɗan turo shi kafin ya shige. To kowane kamfani da nasa awon. Hilux mai noti shida tana da milimita 106.1. Ranger daga 2011 zuwa sama tana da 93.1. Mitsubishi L200 ta zamani tana da 67.1 kacal. Chevrolet Silverado 1500 ta Amurka 78.1. Abin da ke ruɗa mutane shi ne duk waɗannan huɗun jeren notinsu iri ɗaya ne, huji shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, wato inci biyar da rabi. Kama da wane kuwa ba ta wane. Ita Nissan Navara daga samfurin D40 ma ba ta cikin wannan dangin, jerenta shida ne a kan 114.3, ramin kuma 66.1, F-150 kuma shida a kan 135. Duk "shida" ake ce musu a baki.

Ni rim ɗina ramin 106.1 gare shi, hob ɗina 93.1. Bambancin milimita 13 ke nan, shida da rabi ta kowane gefe. Ba wai taya za ta karkace da duk wannan filin ba, don ƙusoshin noti suna tare ta. Amma ko rabin milimita ta kauce, ya isa. Ka lissafa: tayar a-kori-kura irin 265/65 a kan rim mai inci 17 tana juyawa sama da sau 11 a daƙiƙa ɗaya idan kana gudun kilomita 100. Ƙarfe da roba masu wannan nauyin suna juyawa a karkace sau 11 kowace daƙiƙa, yaya hannunka ba zai ji ba?

Abin da ya fi ba ni haushi ma, injin balansin bai yi ƙarya ba. Shi da ramin tsakiya yake kama rim, don haka a kansa taya tana zaune a tsakiya, sai ya nuna sifili da sifili. Ana mayar da ita jikin mota sai ta zauna inda noti ya ga dama. Kai ta sauya dalmar da ake liƙa wa rim wajen balansin har ka gaji, ba a can matsalar take ba.

Masu ƙera rim na kasuwa ba sakarkaru ba ne, da gangan suke yin ramin da faɗi, 106.1 ko 108 ko 110, domin rim guda ya shiga motoci da yawa. Ba na ganin laifinsu. Laifin na wanda ya sayar ne bai yi bayani ba, da kuma irina da muka saya da ido. Maganin ɗan ƙaramin abu ne: zobe, na roba mai tauri ko na alminiyam, wanda wajensa ya yi daidai da ramin rim, cikinsa kuma daidai da bakin hob. Nawa an rubuta 106.1 da 93.1 a jikinsa. Aka goge tsatsar fuskar hob da burushin waya, aka sa zoben, aka ɗaure. Rawar ta ɗauke kamar ba a taɓa yi ba.

Sai dai a nan zan saɓa da wasu 'yan uwa masu tsoratar da mutane. Za ka ji ana cewa in babu zobe, nauyin mota gaba ɗaya a kan ƙusoshi yake, za su karye a hanya. Ba haka abin yake ba. Ku yi tunani, zoben roba ne zai ɗauki mota da lodinta? Abin da ke ɗaukar nauyi shi ne matsewar da noti ke yi, wadda ke manne bayan rim da fuskar hob har su zama kamar abu ɗaya. Aikin zobe saiti ne kawai, da an gama ɗauri ya gama nasa. Shi ya sa akwai masu tafiya shekaru ba zobe kuma ba su ji komai ba: notinsu mai tsinin kai ne, mai kusurwar digiri 60, kuma wanda ya ɗaura ya yi haƙuri. Taya tana sama, ya sa kowane noti da hannu, ya bi su a gicciye kaɗan-kaɗan, har tsinin ya jawo rim ɗin tsakiya. Ana iya yi. Amma nawa ne masu wannan haƙurin? Yawanci yaro ne zai ɗauko bindigar iska ya danna noti na farko har ƙarshe taya tana rataye a kan ƙusa, shi ke nan ta zauna a karkace. Saboda wannan ne nake cewa a sa zoben. Ba don tsoron karyewa ba, don ba kullum kake tsaye a kan mai ɗaurin ba.

Wanda ya kamata a ji tsoronsa da gaske shi ne akasin haka: rami ya fi hob ƙanƙanta. Ka ɗauko rim ɗin da aka yi wa L200 ka ce za ka sa wa Hilux, ba zai shige ba sam. Wannan da sauƙi, ido ya gani. Mugun shi ne wanda ya gaza da kaɗan, rim ya maƙale a bakin hob bai kwanta a fuskarsa ba, a kuma danne shi da noti da ƙarfin tsiya. Daga waje kamar ya zauna. Da an yi 'yar tafiya ya motsa, noti su saki. Irin wannan ne ke fitar da taya daga jikin mota. In an ce maka za a faɗaɗa ramin da guranda, ka ɗauki motarka ka tafi. Ko dai injin sassaƙa ƙarfe a hannun wanda ya iya, ko a bar rim ɗin.

Kuma kada a manta da notin kansa. Rim ɗin alminiyam na asali na Toyota da noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da washa yake aiki, shi ba ya saita komai, ya dogara ne kacokan ga bakin hob. Yawancin rim na kasuwa kuwa mai tsinin kai suke so. Ka haɗa wannan da wancan, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Zaren notin ma ba ɗaya ba ne: Hilux da Ranger kaurin milimita 12 ne da tazarar zare 1.5, Navara 12 da 1.25. Batun yawan fitowar rim waje da nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka, wannan zance ne na wata rana, amma a duba.

Ni yanzu in zan saya, wanda aka yanka daidai da hob ɗina nake nema tukuna, in babu sai mai faɗi da zobe. Ina kifa rim ɗin in auna ramin ta baya da kalifa, wato ma'aunin faɗin rami na bakanikai, ba na yarda da abin da aka faɗa min da baki. Bayan ɗauri da sifana mai awon ƙarfi, in na yi kilomita 50 zuwa 100 ina sake bin notin. Tsakanin roba da alminiyam kuwa, kowanne da halinsa: roba kan lanƙwashe in birki ya yi zafi sosai, alminiyam kuma kan kama ƙarfen hob in tsatsa ta shiga tsakani.

Wannan na ƙarshen na gani da idona. Wani dare na yi faci, na cire tayar, na ɗauko safaya mai rim ɗin asali, ta ƙi shiga. Na tura, na buga da ƙafa, a banza. Sai da na haska fitilar waya na ga zoben ya ƙi bin rim ɗinsa, yana nan daram a bakin hob. Da sukundireba na ɓanɓaro shi, kusan minti ashirin ina gumi. Tun daga ranar nake shafa ɗan giris a cikin zoben kaɗai, ban da ƙusoshi, kuma notin asali guda shida suna cikin wata 'yar jaka a ƙarƙashin kujera, tare da sukundireban.