Yadda kanun labarai ke ɗaure hannun 'yan sintirin zango

A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai a yankin Manso-Nkwanta na jihar Ashanti a ƙasar Ghana, suka ce 'yan fashi ne, kuma kafafen labarai da dama suka ɗauki sanarwar yadda take suka yaɗa. Mamatan 'yan zango ne, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi. Sai da matasan unguwar Asawase a Kumasi suka fito kan titi, shugabannin zango suka kafe, sannan gwamnati ta kafa kwamitin bincike, wanda bai sami hujjar cewa mamatan 'yan fashi ba ne. An dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane iyali diyyar sidi dubu 250. Kalmar "ɗan fashi" kuwa ta riga ta shiga kunnen jama'a.

Ɗabi'ar ba ta mutu ba. Idan aka kama ɓarawo a wata unguwar Kumasi, sunansa da shekarunsa ake faɗa, amma idan daga unguwar zango irin Aboabo ko Sabon Zango ya fito, unguwar ce ke hawa kanun labari, sannan masu sharhin jaridu na safe a rediyo su ƙara mata gishiri. A 2022 rundunar 'yan sanda da kanta ta sanar da cewa akwai jami'anta cikin waɗanda ake zargi da fashin motocin dakon kuɗin banki a Accra, kuma babu editan da ya shafa wa dukan masu kaki baƙin fenti. Wannan adalcin muke nema, ba wata alfarma ba.

Ba wanda zai musa cewa muna da ɓata-gari. Ana fizge waya a kan babur, ana tare masu rumfar momo, wato tura kuɗi ta waya, da dare, kuma tiramol ya lalata yara da yawa. Shi ya sa unguwanni ke kafa 'yan sintiri: magidanta su yi karo-karo, a sayi tocila da usur, matasa su raba dare tsakaninsu, limamai su ja kunne a huɗubar Juma'a. Aikin nan ba ya tafiya sai da yarda tsakanin unguwa da caji ofis, kuma wannan yardar ce rahoton son zuciya ke ci.

Idan 'yan sintiri suka kama yaro da wayar sata, kafin a kai shi ko'ina dattawa sun fara roƙon a kashe maganar a gida, domin sun san gobe sunan unguwa ne zai sha zagi a rediyo. Mai labarin maɓoyar ɓarayi shi ma yakan kame bakinsa, don gudun samamen da ba ya bambanta mai laifi da mai wucewa, irin wanda sojoji suka kai garin Ashaiman kusa da Accra a Maris 2023 suka kwashe mutum 184 bayan kisan wani soja. Ta haka ɓarawo ke samun mafaka, ko kuma ya faɗa hannun masu ɗaukar doka da kansu, alhali ƙasar nan ba ta manta da kisan gillar da aka yi wa Manjo Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi a 2017 ba, bisa zaton ɗan fashi ne.

Abin takaici shi ne akwai makami a hannunmu da muka bari yana tsatsa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta wa kafar da ta buga magana a kan mutum ta buga martaninsa, kuma Hukumar Kula da Kafafen Labarai ta Ƙasa tana karɓar koke. Ya kamata majalisar sarakunan zango a Kumasi ta ware lauyoyi da 'yan jarida daga cikin 'ya'yanta, su riƙa bibiyar rahotanni suna mayar da martani a rubuce, su kuma sa kowace ƙungiyar sintiri ta ajiye littafin da ke nuna wanda ta kama, da ranar, da caji ofis ɗin da ta miƙa shi.