Auto Union Type C: ba wurin zaman injin ne matsalarta ba

Duk lokacin da aka tayar da hirar motocin tseren Jamus na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ka ji an ce Auto Union mota ce mai taurin kai saboda an ajiye mata inji a baya. Ni ban yarda ba. Ferdinand Porsche, injiniyan da ya zana ta, ya yi daidai da ya sa injin a bayan direba. Ciwon motar a aksul ɗin baya yake, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya.

Dokar tseren Grand Prix da ta fara aiki a 1934 ta ce kada mota ta wuce kilo 750 ba tare da mai, ruwa da tayoyi ba. Girman inji kuwa ba a ƙayyade ba. To, a cikin wannan nauyi aka cusa inji mai silinda 16 a jere biyu, lita 6, ƙarfin doki 520, da na'urar Roots mai ɗura masa iska. Kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, guda ɗaya tak ke buɗe duka bawul 32. Tankin mai kuma tsakanin direba da inji aka dasa shi, don ko ya cika ko ya kusa ƙarewa, nauyin gaba da baya bai sauya ba. Wannan hikima ce, wallahi.

Amma dubi ƙafafun baya. Kowace taya tana kan sanda mai lilo daga tsakiyar mota. Idan an shiga kwana da gudu, jikin motar ya karkata, sai tayar ta kishingiɗa, ta koma taka ƙasa da gefenta kawai. Tayar nan dama siririya ce. Ga inji mai iya sa ta juya a banza ko ana gudun kilomita 160 a awa. Direba kuwa yana can gaba dab da hancin mota, kafin jikinsa ya ji baya ya fara zamewa, aikin gama ya gama. Shi ya sa Hans Stuck, ɗaya daga cikin direbobin Auto Union, yake sa tayoyi bibbiyu a kowane gefen baya in za a yi tseren hawan dutse.

Akwai wani kuskuren da suka gyara da wuri: a motar farko, ta cikin bututun shasi ruwan lagireto ke bi zuwa inji, shasi na murɗawa sai yoyo.

Bernd Rosemeyer ne ya fi kowa iya tuƙa Type C, kuma daga tseren babur ya fito, bai saba da mota mai inji a gaba ba balle ya ji wannan baƙuwa ce. A 1936 ya ci gasar Jamus, Suwizalan da Italiya, ya zama zakaran Turai. A shekarar ce Achille Varzi, shi ma direban Auto Union, ya ci ta Tarabulus a Libiya. Rosemeyer ya rasu ranar 28 ga Janairun 1938 a babban titin Frankfurt zuwa Darmstadt, yana neman kafa tarihin gudu. Kada kuma a manta, gwamnatin Nazi ce ke tallafa wa tseren da kuɗi don farfaganda.

Hujjata ita ce Type D ta 1938, motar da ta gaji Type C. Injiniyan da ya zana ta, Robert Eberan von Eberhorst, bai taɓa wurin zaman injin ba. Aksul mai lilo ya cire, ya sa tsarin de Dion mai riƙe tayoyi a miƙe, ya ɗan ja direba baya. Da ita Tazio Nuvolari ya ci tseren Monza a Italiya da na Donington a Ingila a shekarar.