Ba Coci Ce Ta Raini Waƙar Larry Norman Ba

Da yawa in suka ji an kira Larry Norman uban kiɗan rock na Kirista, sai su ɗauka a coci ya taso da kiɗan nan, fastoci na tafa masa. Ba haka lamarin yake ba.

An haife shi a Texas ta Amurka a 1947, ya girma a Kalifoniya. Sunansa ya fara fitowa ne a ƙungiyar People!, masu waƙar duniya, waɗanda suka yi tashe a 1968. Kundinsa na farko, Upon This Rock, kamfanin Capitol ne ya fitar a 1969, kamfanin kasuwanci zalla wanda babu ruwansa da wa'azi.

Coci-coci masu ra'ayin riƙau kuwa, ƙyamarsa suka yi. Ga dogon gashi har kafaɗa, ga jita mai ƙara, ga baitoci kan wariyar launin fata, yaƙin Biyetnam, shaye-shaye, har da ciwon sanyi. Shagunan littattafan Kirista da dama suka ƙi sayar da faifansa. Su kuma 'yan kasuwar waƙa suna ganin ambaton Yesu ya yi masa yawa, Capitol ma ba ta daɗe da shi ba. Ya zama jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. A ganina, a wannan tsakiyar ya yi mafi kyawun aikinsa, wato kundin Only Visiting This Planet na 1972, wanda aka naɗa a Landan.

Karramawar sai daga baya ta zo: a 2001 aka sa shi cikin zauren gwarazan waƙar bishara na Amurka. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Salem, jihar Oregon, a Fabrairun 2008.