Injin yanka da markaɗe na kicin: yaudarar kan kwali ta ishe mu

Abin da masu ƙera injin yanka da markaɗe na kicin suke yi wa mai saye ya wuce gona da iri. Muna nufin injin nan mai faffaɗan kwano da lanƙwasasshiyar wuƙa a tsakiya, wanda yake yanka albasa, ya goge karas, ya niƙa nama, ya kwaɓa fulawa. Mutum zai tara kuɗinsa, ya tsaya gaban kwalaye goma, ya ɗauki wanda ya fi manyan lambobi, kafin shekara ta zagayo injin ya koma saman kabad yana shan ƙura. Abin takaicin, idan aka kwance shi, sau da yawa moton lafiyarsa ƙalau. Wata 'yar roba ce da ba ta kai farcen babban yatsa ba ta karye, kuma ko sama da ƙasa za ka haɗa ba za ka samu ta canji ba.

Mu fara da lambar da ake rubutawa ɓaro-ɓaro: wat 1000, wat 1200, har 1500. Wannan lamba wutar da injin yake ja ce, ba ƙarfin da yake isa bakin wuƙa ba. Moton da ba shi da inganci yakan mayar da kaso mai yawa na wutar zafi da ƙara, don haka yawan shan wutarsa ba abin alfahari ba ne. Wasu ma suna rubuta ƙololuwar abin da moton ya fizga na ɗan lokaci kaɗan sa'ad da ya cije, su ce shi ne ƙarfinsa. Ta yaya za a sayar wa uwargida inji da lambar da ba zai iya riƙewa ko na minti ɗaya ba? Injin wat 700 mai moto na ƙwarai zai kwaɓa fulawa rabin kilo cikin kamar minti ɗaya ba tare da ya yi nishi ba, na wat 1200 mai araha kuwa ya tsaya cak a tsakiya yana warin ƙonewa.

Abin da ya kamata a faɗa wa mai saye, wanda ake ɓoyewa, shi ne irin moton. Iri biyu ne. Akwai mai burushin kabon, wato 'yan guntayen kabon da suke gogar ɓangaren moto mai juyawa suna kai masa wuta: mara nauyi, mai araha, mai ihu, yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti, don haka dole a rage masa gudu da bel ko da giya kafin ya kai ga wuƙa. Giyar nan kuwa a yawancin masu araha ta roba ce. Ranar da kullu ya yi tauri, haƙoranta suke cinyewa, ka ji moton yana gudu amma wuƙa ko motsi ba ta yi. Burushin ma yana ƙarewa da aiki. Na biyu shi ne moton da ba shi da burushi, wanda a takarda ake kiransa indokshan. Shi yana juya wuƙa kai tsaye, babu bel babu giya, a kusan juyi 1,500 a minti, da ƙara kaɗan, kuma yana jure aiki mai nauyi. Ba sabuwar fasaha ba ce. Da irinsa Pierre Verdon ya ƙera injin Robot-Coupe a Faransa tun shekarun 1960, aka fitar da na gida mai suna Magimix a 1971, sannan Carl Sontheimer ya gabatar da Cuisinart a Amurka a 1973. Sama da shekara 50 ke nan da sanin yadda ake yin abu mai ƙarko. Wanda ya ƙera mara ƙarko yau, da saninsa ya yi.

Tunda kwali ba zai faɗa ba, ɗaga gindin injin da hannu. Mai moto na ƙwarai yakan kai kilo 7 zuwa 10. Wanda ka ɗaga da yatsu uku, shi ne zai riƙa rawa a kan tebur yana matsawa bakin gefe idan ka sa masa kullu. Sannan ka kifa shi ka karanta 'yar takardar da ke manne a ƙasa. Idan ka ga an rubuta KB da adadin mintuna, misali KB 1 min, to iyakar lokacin da aka yarda ya yi aiki a jere ke nan kafin a bar shi ya huce. Wannan bayani ne da ya cancanci gaban kwali, amma sai a cusa shi ƙarƙashi da ƙananan baƙaƙe, ko a shafi na ƙarshe na littafin. Wanda bai sani ba ya bar shi minti biyar, kwayil ya ƙone, a ce shi ne bai iya amfani ba.

Sai girman kwano, wata yaudarar. An rubuta lita 3, ko kofi 14, wanda ya kama kusan lita 3.3 tunda kofi ɗaya kusan mililita 237 ne. Wannan awon har baki ne, kuma babu mai cika kwanon har baki ya samu yanka mai kyau. Busassun kaya kashi biyu cikin uku ne iyaka. Ruwa kuwa ya fi muni. A tsakiyar kwanon akwai bututu buɗaɗɗe inda sandar moto take shigowa, kuma tsawonsa ne yake yanke iyakar ruwan da za a zuba. Da ya wuce wannan layi, sai ya kwarara ta ƙarƙashin wuƙa zuwa kan moton, wani kuma ya fantsamo ta gefen murfi idan babu robar toshewa. Kwanon lita 3 sau da yawa ruwan da yake iya ɗauka bai wuce lita ɗaya da wani abu ba. Me zai hana a rubuta lambobin biyu tare? Mai son markaɗa abu mai ruwa-ruwa ya yi laushi lilis, blanda ce aikinsa, don ita tana gudu ninki goma na wannan inji. Amma a talla sai a nuna maka injin guda yana yin komai.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona rai. Don kare yatsu, an yi injin ba zai tashi ba sai kwano da murfi sun kulle. Wannan daidai ne, babu mai ja. Amma dubi yadda ake yin makullin: wani ɗan harshen roba a jikin murfi yana danna siririyar sanda a cikin mariƙin kwano, ita kuma ta danna ƙaramin makunni a gindin injin. Duk rayuwar injin a kan wannan harshe ta rataya. Kullum ana murɗa shi, ana wanke shi da ruwan zafi, robar tana bushewa tana tsattsagewa. Murfin ya suɓuce ya faɗi sau ɗaya, harshen ya ɓalle, shi ke nan. Ka nemi murfi, a ce an daina wannan samfuri, na sabon kuma an ɗan karkata harshensa don kada ya shiga tsohon. Haba! Inji mai moto lafiyayye ya tafi bola saboda murfi? Kuma kada kowa ya cusa cokali ko tsinke ya danne makunnin don injin ya tashi babu murfi. Wuƙar nan ba ta san yatsa ba.

Garantin ma a karanta shi da ido biyu. Za a rubuta shekara 10, 20, har 30 da manyan baƙaƙe, amma na moto ne kawai, wato ɓangaren da ba ya saurin mutuwa. Kwano, murfi da wuƙa, waɗanda su ne suke lalacewa, shekara ɗaya zuwa uku ne nasu, kuma tsagewa sau da yawa ba ta ciki.

Wuƙar kanta a juya ta a duba inda ƙarfe ya haɗu da roba. A watan Disamba na 2016, an janye wuƙaƙen injin Cuisinart kusan miliyan 8 a Amurka, saboda masu ƙusoshi huɗu a jiki suna tsagewa da daɗewa, gutsattsarin ƙarfe su faɗa cikin abinci, har wasu suka ji ciwo a baki da haƙora. Duk wuƙar da ta fara nuna layin tsagewa kusa da ƙusa, a daina amfani da ita nan take. A kuma duba tazarar da ke tsakanin reshen wuƙa na ƙasa da gindin kwano. Idan ta wuce 'yan milimita kaɗan, tafarnuwa uku za su kwanta ƙarƙashi, wuƙa tana yanka iska.

Su kuma tarkacen da ake cika kwali da su, a ce inji mai aiki 20 ko 30, yawancinsu cikon benci ne. Abin da kicin yake buƙata kullum uku ne: wuƙa, faifan yanka da faifan goga. Faifan ya zama ƙarfe ɗaya dunƙule, ba 'yan guntayen da ake maƙala wa farantin roba ba, waɗanda suke lanƙwashewa idan aka danna karas mai tauri. Da kuɗin tarkacen aka ƙara wa kwanon kauri, da an yi wa mai saye adalci. Ya kuma zama akwai maɓallin danna-ka-saki, don da shi ake yanka albasa: dannawa ta daƙiƙa ɗaya, sau shida zuwa takwas. Idan babu shi, sai ta koma ruwa a ƙasa alhali manyan gutsattsari suna sama.

Wanda zai sayi injin da aka yi wa wata ƙasa ya duba wutarsa. Na volt 120 idan aka jona shi a 230 ƙonewa zai yi nan take, kuma canza bakin fulogi ba ya canza ƙarfin wuta. Sai da taransifoma mai sauke wutar zuwa volt 120, wadda ta fi ƙarfin abin da moton yake fizga lokacin tashi.

Kafin ka biya, ka sa a buɗe kwalin. Kulle murfin ka buɗe sau biyar, ka taɓa harshen nan ka ji kaurinsa. Rubuta lambar samfurin, ka bincika ko ana sayar da murfi da kwano da wuƙarsa daban-daban. Idan mai sayarwa ya ce ba a samu, ko ya ce ai ba ya lalacewa, ka ajiye masa kayansa.